Likitana Ya Ce Olsa Ce

"Umma, dube ta da kyau. Wannan ba olsa ba ce... ciwon zuciya ne!"

Saura kaɗan kofin ruwan ya suɓuce daga hannun Auta.

Yau ne karo na farko da ta taka gidan su Dokta, mai neman aurenta, ta zo gaida mahaifiyarsa. Ta zauna a ƙasa gefen kujera, kai a sunkuye, tana amsa tambaya cikin ladabi kamar wadda ba ta taɓa aure ba. Komai na tafiya lami lafiya har zafin nan ya taso mata a ƙahon zuci, gumi ya keto mata a goshi, ta kai hannu ta dafe muƙamuƙi. Ta roƙi ruwa. Iyakar laifinta ke nan.

Mai maganar tana jingine da ƙofar kicin, ko fararen kayan aikinta ba ta cire ba. Ɗiyar ƙanwar Umma ce, ma'aikaciyar jinya, kowa a gidan Sista yake ce mata. Duk dangi sun san tun tana ƴar makaranta ta ƙwallafa rai a kan Dokta. Shi kuwa ƙanwa ya ɗauke ta, a ƙanwa kuma ya bar ta.

"Ke, meye haka?" Dokta ya faɗa yana miƙewa.

"Gaskiya ce, Yaya Dokta. Ta taga na hango ta, daga bakin get zuwa nan sai da ta tsaya tana haki. Ga fanka na kaɗawa, ga ta tana gumi. Kuma ba ita ce aka ce ta yi jijjiga a cikinta na fari ba, har ɗan bai zo da rai ba? Macen da jininta ya hau haka da ciki, zuciyarta abin sa wa ido ce har ƙarshen rayuwarta."

Ta juyo da wani murmushi da ya fi zagi ciwo.

"Baiwar Allah, me ya yi ajalin mahaifiyarki?"

Auta ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi.

"Olsa..." ta ce a hankali.

"Tana da shekara nawa?"

"Ba ta kai hamsin ba."

"Kin ji ko, Umma? Wai olsa!" Sista ta tafa hannu. "Abin gado ne. Jinya za ku auro, ba mata ba."

"Wallahi in ba ki rufe min baki ba, ranki zai ɓaci!" Dokta ya daka mata tsawa. "Ke har kin san ciwon zuciya? Ciwon manyan maza ne, masu tumbi da shan taba. A ƙirji yake caka ta hagu, ya sauka hannu, mutum ya dafe ya faɗi. Ni nake ba ta magani, ni na san jikinta. Olsa ce, Umma. Ba ta cin abinci a kan lokaci ne kawai."

Umma ta dubi Auta sama da ƙasa. Dama tun farko auren bai kwanta mata ba: ɗanta saurayi, yarinya bazawara, har ta ɗan girme shi. Mai neman kuka ne aka jefe shi da kashin awaki.

"Ƴar nan," ta ce, murya a sanyaye, "ba ƙinki nake ba. Amma ɗa namiji ɗaya gare ni. Ki je asibiti a auna zuciyar. In an ce lafiya, ni da kaina zan tura a je wajen manyanki. In kuma ba haka ba... sai kowa ya yi haƙuri."

Auta ta ajiye kofin, ta yi godiya, ta yi sallama. Ba ta bari hawayen ya zubo ba sai da ta ji an rufe get a bayanta.

Shi dai Dokta ba likita ba ne, bai kuma taɓa cewa shi ne ba. Shagon magani gare shi a ƙasan wani bene, ya daɗe a bayan kanta har ya san ciwon kowa a layin, mutane suka laƙaba masa sunan ya bi shi. A saman benen akwai shagon tabarau. Nan Auta take aiki, tana gwada wa mutane firam a gaban madubi, tana ɗaure ƴan mitsi-mitsin kusoshi da wani ɗan ƙarfe kamar tsinke. Shi ya sa yake kiranta Ta Sama.

Ciwon kai ne ya fara sauko da ita shagonsa. A lokacin ba ta daɗe da fitowa daga gidan miji ba, mijin da ya sallame ta tun ɗinkin tiyatar haihuwa bai warke ba, wai shi ba zai iya da mace mai lalura ba. Dokta ya ɗaura mata abin awon jini a hannu, ya ga ya hau, ya ba ta ƙwayoyi. Washegari ya hau benen da kansa, wai ya zo ya ji ko ta sha. Jibi ma haka. Da ta ce masa ai ba sai ya wahala ba, ya ce idonsa ne ke masa ciwo. Ta auna idon, tangaran yake gani.

Tun daga nan ya zama likitanta. In ta ce ƙwannafi, ya miƙo farin ruwan maganin olsa. In ta ce muƙamuƙi, ya ce haƙori ne, ga maganin ciwon jiki. In ta ce gajiya, ga maganin ƙarin jini. Kowane ciwo da maganinsa a kan kanta, bai taɓa tara su wuri ɗaya ya dube su ba. Ita kuwa ko guba ya miƙo mata da wannan murmushin, za ta haɗiye ta yi godiya. Mace ce da ba a taɓa tambayarta "ya jikin?" da gaske ba sai a bakinsa.

A mota, kan hanyar mayar da ita gida, ta share fuska ta ce, "Ko in je ne kawai, Likitana? A huta da magana."

Ya taka birki a gefen titi ya juyo.

"Ki je don wa? Don ta bi dangi tana cewa ta fi ni sani? Ta ci mutuncinki a gaban Umma, sannan ki bi umarninta?"

"Ba haka ba ne..."

"Ba ki yarda da ni ba ne, Ta Sama?"

"Haba! Na yarda da kai fiye da yadda na yarda da kaina."

"To ki bar ni da Umma. Uwa ce, za ta sauko. Zuciyar nan tawa ce, da tana ciwo ni zan fara ji."

Ta yi dariya cikin hawaye. Zafin na nan a ƙahon zucinta, amma ta daina kula shi.

Auta a gidan yayarta take zaune tun bayan mutuwar aurenta. Da ta kwashe labari ta faɗa mata, Yaya ta yi wurgi da tsintsiyar hannunta.

"A auna ki? Ke kaza ce da za a ɗaga a ji nauyi kafin a saya? Ita Sistar uwarta ta auna ta kafin ta haife ta? Wallahi da ina wurin, da sai farar rigar nan ta koma tsumma!"

Ta yi ta faɗa har ta gaji. Sannan ta zauna a bakin gado tana kallon ƙanwarta da ke kwance tana mayar da numfashi.

"Amma Auta..."

"Na'am, Yaya."

"Ke kina ƙarama lokacin. Mama ma haka take riƙe muƙamuƙi. Ranar da za ta rasu, cewa ta yi bayanta ke ciwo, ta yi amai, muka ba ta madara."

"Yaya, har da ke?"

"Ni ba da ita nake ba. Cewa nake, mu je mu biyu, ba wanda ya sani."

"In aka ce akwai fa?" Auta ta tashi zaune. "Zan iya kallon idonsa in ɓoye? In na je aka ce akwai, na rasa shi. An taɓa kirana mai lalura aka kore ni, Yaya. Ba zan kai kaina a sake rubuta min sunan a goshi ba."

"In ba ki je ba kuma fa?"

"Ina da shi."

Yaya ta tashi ta ɗauki tsintsiyarta. Da a ce wata ƙawa ce ta ja Auta gefe ta raɗa mata maganar nan cikin tausayi, da tuni ta je. Amma gaskiyar ta zo ne a bakin wadda ta fi tsana, a gaban wadda ta fi jin kunya, don haka ta haɗa gaskiyar da mai ita ta ƙi su duka. Ita ma Sista ba ta zauna ba. Gida-gida ta bi dangi da labari, har wata gwaggon Dokta ta zo shagon tabarau, ba don ido ba, sai don ta ga "mai zuciyar".

Haka aka ɗauki watanni. Umma ba ta sauko ba, Auta ba ta je ba.

Ranar da abin ya faru, da hantsi ne. Tana gwada wa wani dattijo tabarau sai ta ji kamar an ɗora mata dutsen niƙa a tsakanin kafaɗu. Zafin ya hau wuya ya kama muƙamuƙi. Gumi mai sanyi ya jiƙa mata riga. Ta ce wa dattijon ya yi haƙuri, ta shiga banɗaki ta yi amai, ta fito tana bin bango. Da ƙyar ta sauko daga benen, tana zama a kan matakala tana tashi.

Dokta na ganinta ya bar mai sayen magani a tsaye.

"Subhanallahi! Ta Sama, me kika ci?"

"Ban ci komai ba..."

"Kin gani ko? Kin gani? Yunwa ce ta tada olsar!"

Ya kwantar da ita a kan bencin da ke bayan kanta, tsakanin kwalayen magani. Ya ba ta farin ruwan nan cokali biyu, ya ƙara da na ciwon jiki saboda bayan. Sannan ya ɗaura mata abin awo, ya zuba wa lambobin ido. Sai fuskarsa ta washe.

"Albishirinki! Jininki ya sauka. Tun da na san ki bai taɓa sauka haka ba. Ina masu cewa zuciya? Su zo su gani!"

Ta yi murmushin ƙarfin hali. Ta ji daɗi har ranta, don ta ga ya ji daɗi.

Ana cikin haka Sista ta shigo karɓar wa Umma magani. Ta leƙa bayan kanta. Ta ga fuskar Auta ta yi fari fat, leɓɓanta sun dushe. Jakar hannunta ta faɗi ƙasa.

"Tun yaushe take haka?"

"Ba ruwanki," in ji Dokta.

Ba ta ko kalle shi ba. Ta durƙusa ta kama wuyan hannun Auta, ta dubi abin awon da ke gefe. Wannan karon babu murmushi, babu habaici.

"Yaya Dokta, ɗauko mota. Yanzu. Jinin nan ba sauka ya yi ba, faɗuwa ya yi."

"Fita min daga shago."

"Don girman Allah ka ji ni! Yanzu ne ake iya yin wani abu, anjima ba za a iya ba!" Ta juyo ga Auta, idonta ya ciko. "Baiwar Allah, ban ɓoye miki ba, ba na son ki. Na so a fasa auren nan, har gobe ina so. Amma wallahi ba na so ki mutu. Tashi mu je."

Mutane sun fara taruwa a bakin shago. Mai gyaran waya na kusa, da masu jiran magani, duk waɗanda ke kiransa Dokta safe da yamma. Ya dube su, ya dubi Sista, sannan ya durƙusa a gaban Auta. Ta ga tsoro a idonsa, tsoron da bai taɓa nuna mata ba.

"Ta Sama... kina so mu je? In kin ce mu je, mu je."

Jikinta yana ce mata ta tashi. Kowace gaɓa tata tana ce mata ta tashi. Amma in ta ce "mu je", ta ce Sista ta yi gaskiya. Ta ce shi bai san komai ba, a gaban layin da yake da mutunci. Kuma daga asibitin labari gidan Umma zai wuce kai tsaye.

Ta zare hannunta daga na Sista.

"Likitana ya ce olsa ce," ta ce. "Na gode."

Sista ta tsaya tana kallonta kamar za ta mare ta. Sai ta ɗauki jakarta ta fita tana kuka, ko maganin Umma ba ta karɓa ba.

Zuwa la'asar zafin ya lafa. Dokta ya yi ta murna, ya saya mata lemo, ya kai ta gida da kansa.

Jiki magayi. Bayan wannan rana Auta ba ta ƙara komawa daidai ba. Benen da take hawa tana hira ya gagare ta, sai da ta bar aikin. Ƙafafunta suka kumbura har takalmi ya daina shiga. In ta kwanta sai ta ji kamar ruwa zai shaƙe ta, dole ta jera filo ta yi barci a zaune. Ga wani busasshen tari da ba ya jin magani. Dokta ya kawo na tari, ya kawo na sa fitsari, ya canza wannan ya kawo wancan. Kullum yana zuwa da leda, kullum ledar na ƙara girma, murmushinsa na ƙara ƙanƙancewa.

Wata safiya ta faɗi a tsakar gida da bokiti a hannu. Yaya ba ta nemi shawarar kowa ba, ta tsayar da mota ta kai ta asibiti.

Likitar zuciya mace ce mai furfura kaɗan a gaban goshi, ba ta da yawan magana. Ta shafa mata wani abu mai sanyi a ƙirji, ta daɗe tana kallon allon na'urar. Ta sa Yaya ta fita, ta jawo kujera ta zauna.

"Akwai ranar da kika ji ciwon baya mai tsanani, da gumi, da amai?"

"Akwai."

"Ranar ce jijiyar da ke kai wa zuciyarki jini ta toshe. Babban sashe na naman zuciyar ya mutu, abin da ya mutu kuma ba ya dawowa. Mu mata sau da yawa ba ya zo mana da caka a ƙirji. Yakan zo da ƙwannafi, ko muƙamuƙi, ko baya, ko gajiya. Sai a yi ta shan maganin olsa."

"Amma ranar jinina ya sauka, likita..."

"Zuciyar ce ta kasa turawa. Maganin ciwon jikin da kike sha kullum ma ya ƙara mata kaya."

Auta ta kalli silin. Fanka ɗaya ce a ɗakin, tana juyawa a hankali tana ƙara.

"Da na zo ranar fa?"

Likitar ba ta kauce ba.

"Da kin zo da wuri, da akwai abin da za mu gwada, kuma sau da yawa yana yi. Yanzu sai dai mu rage miki wahala, mu ja lokaci iya yadda Allah Ya nufa."

"Lokacin da yawa?"

"Ba na jin haka."

Ba ta yi kuka ba. Abu ɗaya ne ya zo mata, fuskarsa lokacin da yake cewa albishirinki.

"Likita, akwai wanda zai zo ya tambaye ki. Don Allah kar ki faɗa masa wannan."

"Ba zan yi masa ƙarya ba. Amma ciwonki sirrinki ne. In kin ce in yi shiru, zan yi."

Dokta ya zo a guje, riga a birkice. Da ya ji sunan ciwon, sai ya zauna a ƙasa, kan tayil ɗin asibiti. Daga ranar bai ƙara buɗe shago ba. Shi ne kan kujerar roba a gefen gadonta, shi ne gyara filo, shi ne riƙe kofi. Wani mai jinya da ya san shi ya ce, "A'a, Dokta, kai ne a nan?" Ya ɗago ya ce, "Don Allah kar ka ƙara kirana haka."

A ɓangaren da aka kwantar da Auta ne Sista take aiki. Auta ta zaci za ta zo da "ai na faɗa". Ba ta zo da shi ba. Takan shigo ta gyara mata robar iskar da ke hancinta, ta shafa mata mai a ƙafafun da suka tsage, ta fita. Sai rana ɗaya da suka rage su biyu, ta tsaya a bakin gado tana murza yatsu.

"Da ban faɗa a gaban Umma ba... da na same ki ke kaɗai... za ki je?"

"Da zan je."

Sista ta toshe baki da hannu.

"Ki yafe min."

"Ke kin faɗa, ni na ƙi ji. Allah Ya yafe mana baki ɗaya."

Ita ma Umma ta zo, da kwanuka niƙi-niƙi na abincin da Auta ba za ta iya ci ba. Ta ga yadda ɗanta ya rame ya fita hayyacinsa, ta ga yarinyar da ta sa wa sharaɗi tana jan numfashi da ƙyar. Ta kama hannunta tana hawaye.

"Ƴata, na amince. A ɗaura. Ko gobe ne a ɗaura."

Auta ta yi murmushi. An auna zuciyar, an ce ba lafiya, ga shi kuma an amince. Ashe auren da ta ba da ranta don ta kare, da ta zo da sakamakon awon a hannu tana kuka ma, wataƙila da an bar mata shi. Wannan ya fi ciwon ciwo.

Aka ɗaura auren a cikin satin, amarya na kan gadon asibiti. Yaya ta ɗaura mata sabon ɗankwali, ta sa mata kwalli, ta fita baranda ta yi kukanta a can.

Da yamma, bayan kowa ya watse, rana na shigowa ta tagar ɗakin, ango ya jawo kujerarsa ya zauna. Karo na farko ya riƙe hannunta ba don awon jini ba.

"Matata."

"Mijina..." Ta lumshe ido. "Sake faɗa."

"Matata. Matata." Ya kifa goshinsa a kan hannunta. Ya daɗe a haka, sannan ya ɗago. "Zan tambaye ki wani abu. Na tambayi likita, ta ce in tambaye ki. Na tambayi Sista, ta juya min baya."

Ta buɗe ido ta dube shi.

"Ranar nan a shago... da na ɗauko mota... da kin warke?"

Ta riga ta shirya amsar tun kwanaki, ta maimaita ta a ranta har ta haddace.

"Na tambayi likitar. Ta ce ko a ƙofar asibiti na faɗi, ba abin da za su iya. Gado ne, daga Mama. Ba laifin kowa."

"Da gaske?"

"Da gaske."

Ta ga kafaɗunsa sun ɗan sauka. Ta ga yana so ya yarda, kamar mai ƙishirwa da ya hango randa. Saura kaɗan. Sai ya ƙura mata ido.

"Ki ce wallahi."

Ta ja iska ta robar da ke hancinta.

Ta buɗe baki. Kalma ɗaya ce, da ita zai samu barci har ƙarshen rayuwarsa. Ta ba shi lafiyarta, ta ba shi kwanakinta, me ya rage? Amma ita mai shirin tafiya ce, ta san inda za ta da wanda za ta tarar. Harshenta ya ƙi ɗaukar sunan Allah ya ɗora a kan ƙarya.

"Ki ce wallahi, matata. Don Allah."

Hawaye ya gangaro mata ta gefen ido ya shiga kunne. Ta tattara ɗan ƙarfin da ya rage ta matse yatsunsa.

"Wallahi... ina son ka."

Ya ji rantsuwar da ta yi. Ya kuma ji wadda ta kasa yi.

Bai yi ihu ba, bai saki hannunta ba. Ya dai sunkuyar da kai, jikinsa na girgiza, yana cewa, "Ni ne... ni ne..." Ita kuma tana girgiza kai a kan filo, tana so ta ce masa su biyu ne, numfashin bai kai ba.

Ba ta taka ɗakin aurenta ba. Kafin wata ya ƙare, wata safiya yana ba ta ruwa a cokali, ta kauda kai a hankali, ta cika.